Malalar Mai a Teku da Jiragen da Ke Kwashe Shi: Misali Daga Gaɓar Gana

Gabatarwa

Duk wanda ya san unguwannin Nima da Maamobi a birnin Accra, wanda Hausawan zango suke kira Ankara, ya san babbar kwatar nan da ta ratsa tsakaninsu. Ruwanta yana gangarawa ya haɗu da kogin Odaw a wajejen Kwame Nkrumah Circle, Odaw ya zuba a tafkin Korle, daga nan kuma sai teku. A daren 3 ga Yuni, 2015, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Odaw ya cika ya tumbatsa, jama'a suka fake a wani gidan mai da ke Circle. Fetur ya tsiyayo daga gidan man ya hau kan ruwan ambaliyar, wuta ta kama shi, mutum fiye da 150 suka rasa rayukansu.

Abin da ya faru a daren nan ya nuna halin mai idan ya gamu da ruwa, wato ba ya nutsewa, ba ya garwaya da shi nan take, sai dai ya hau samansa ya bi shi duk inda ya nufa. A kan wannan hali ne aka gina dabarun kwashe man da ya malala a teku. Wannan takarda za ta bayyana yadda jiragen wannan aiki suke gudanar da shi, da kuma iyakar abin da suke iya yi.

Gana da man teku

A 2007 aka gano rijiyoyin Jubilee, kimanin kilomita 60 daga gaɓar yammacin Gana, inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000. A watan Disamba na 2010 Shugaba John Atta Mills ya buɗe famfon farko a kan jirgin tara mai da aka raɗa wa sunan Kwame Nkrumah. Rijiyoyin TEN suka biyo baya a 2016, na Sankofa kuma a 2017. Tun kafin a fara sayar da man ma an ga alama, domin tsakanin 2009 da 2010 kimanin ganga 700 na taɓon haƙa rijiya, wanda ake haɗawa da mai, sun zube daga aikin kamfanin Kosmos. Gwamnati ta yanka masa tarar dala miliyan 35, shi kuma ya ƙalubalance ta. Ruwan tekun wannan yanki gabas yake tafiya, iska kuma galibi daga kudu maso yamma take busowa. Ke nan man da ya zube a yamma yana iya doso Takoradi da Cape Coast, har ma da Accra.

Yadda ayarin jiragen yake aiki

Jirgi ɗaya ba ya wannan aiki. Ayari ne, kowane da nasa rabon. Da farko jirgin sama yakan tashi ya gano inda man ya fi kauri, saboda wanda yake kan ruwa ba ya hango nesa. Sannan jirage biyu su ja wani dogon shinge na roba mai yawo a kan ruwa. Samansa cike yake da iska ko soso, ƙasansa kuma kamar labule ne da aka ɗaura wa sarƙa don ya miƙe a cikin ruwa. Kowane jirgi ya riƙe baki ɗaya, shingen ya lanƙwashe a bayansu kamar yadda masunta suke jan taru, man ya taru a ƙuryarsa.

A wannan ƙurya ake sauke na'urar yaɗe mai. Wata tana da faifai ko buroshi mai juyawa wanda mai yake manne wa, sai a kankare shi ya zuba a mazubi. Wata kuma bakinta yana daidai da saman ruwa, mai ya riƙa kwarara ciki ana zuƙe shi da famfo. Ɗalibin nahawu zai lura cewa saiwa ɗaya ce ta ba mu matsalar da maganinta: mai ya yaɗu, giredi na 7, ma'aikata kuma suka yaɗe shi, giredi na 4, kamar yadda Bafillatana take yaɗe mai daga saman nono. Ban ga dalilin aro kalma a inda muke da wannan ba.

Saura wurin zubawa, kuma nan ne aikin ya fi cijewa. Abin da famfo yake ɗebowa rabi mai ne rabi ruwa, wani lokaci ma ruwan ya fi yawa. Bugu da ƙari, ɗanyen mai idan ya kwana igiyar ruwa tana kaɗa shi yakan sha ruwa ya yi kauri kamar kunu, yawansa ya ninka sau uku ko huɗu. Da zarar tankin jirgi ya cika aiki ya tsaya, sai an kawo wani jirgin dako an juye masa.

Har ila yau, shingen ba ya son sauri. Idan jan ya kusa kilomita 2 a awa, wanda bai kai tafiyar mai ƙafa ba, man sai ya zille ta ƙarƙashin labulen. Idan igiyar ruwa ta haura mita ɗaya da wani abu, sai ya tsallake ta sama. Da dare kuma ba a ganin man sosai. Shi kuwa ba ya jira, cikin 'yan awowi ya bazu ya zama siririn shimfiɗa da bai kai kaurin takarda ba, iska ta yayyaga shi gida-gida. Inda shinge ya gaza akan fesa sinadarin da ke farfasa man ya zama ƙananan ɗigo ya nutse, ko a tara shi a cinna masa wuta. Duka biyun sauya wa man wuri suke yi, ɗaya zuwa cikin ruwa inda kifi yake, ɗaya zuwa sararin sama.

Nawa ake iya kwashewa?

Bayan da jirgin dakon mai Exxon Valdez ya yi karo da dutse a Alaska a 1989, Amurka ta kafa doka a 1990, kamfanonin mai kuma suka kafa MSRC, wanda ya ƙera jirage 16 musamman don wannan aiki, kowane tsawonsa kimanin mita 64. Babban gwaji ya zo a 2010, shekarar da Gana ta fara haƙo man Jubilee, lokacin da dandamalin Deepwater Horizon ya fashe a Tekun Meziko. Ma'aikata 11 suka mutu, rijiyar ta yi kwana 87 tana aman mai, kimanin ganga miliyan 4.9 bisa ƙiyasin gwamnatin Amurka, ganga ɗaya kuwa lita 159 ce. An tara jirage manya da ƙanana sama da 6,000, har da na masunta. Duk da haka lissafin gwamnatin ya nuna kashi 3 cikin 100 kawai aka yaɗe, aka ƙone kashi 5. Masana wannan fanni sun daɗe suna cewa a babbar malala a tsakiyar teku da wuya a kwashe fiye da kashi 10 zuwa 15.

A ganina wannan ne ya sa kusanci ya fi yawan jirage muhimmanci. Tsarin da ƙasashe suke bi tun bayan yarjejeniyar OPRC ta 1990, har da Gana, mataki uku ne. Ƙaramar malala kamfanin da ya yi ta ne zai kwashe da kayan da ya ajiye a wurin. Matsakaiciya sai hukumar kare muhalli da ta harkokin jiragen ruwa da sojan ruwa su shigo. Babba kuwa sai an kira taimako daga waje, misali kamfanin OSRL da ke Southampton a Ingila, a loda kaya a jirgin sama, a sauke, a kai tashar Takoradi ko Tema, a sake lodawa a jirgin ruwa. Kowace awa da ta wuce a wannan zirga-zirga, man yana ƙara faɗi ne.

Akwai kuma man da babu ayarin da zai iya tarewa. Wani rahoton majalisar masana kimiyya ta Amurka na 2022 ya nuna cewa a tekunan Amurka ta Arewa man da ke gangarowa daga tudu ya fi na haɗurran jirage yawa nesa ba kusa ba. A Nima da Maamobi, baƙin man da ake juyewa daga injin mota ko babur ko janareto, idan ba a tara shi a jarka ba, kwata yake bi. Kaɗan-kaɗan yake tafiya, ba ya taruwa ya yi kaurin da shinge zai riƙe. Ta bakin Korle yake fita teku, dab da Jamestown, inda kwalekwalen masunta suke sauke kifi, wani a soya a ci da dokunu, wani a yi bandarsa a kai kasuwannin birni, har da ta Nima.