Ba kowace karkarwa ce buɗi ba

Bidiyoyin masu yoga sun cika TikTok da WhatsApp: mutum ya tanƙwashe ƙafa yana haki da gangan, can jikinsa ya ɗauki rawa, wani ya fashe da kuka, wani ya zube ƙasa, a rubuta wai ƙarfin da ke cikinsa ya farka. Da a can suka tsaya da ban tanka ba. Yanzu samari da 'yan matanmu sun fara kwaikwayo a ɗaki, wasu don rage teɓa, wasu don neman natsuwa, har suna taya juna murna idan yatsu sun sandare.

Yoga daga Indiya take, kuma a gidanta hanyar ibada ce tun kafin a kai ta ɗakunan motsa jiki. A koyarwarsu akwai wani ƙarfi, kundalini, da suka ce yana naɗe kamar maciji a gindin ƙashin baya, idan an tashe shi ya hau har tsakar ka.

Maganar da na gaji da ji ita ce wai jiri da zugin leɓe da murɗewar yatsu alamar buɗi ne. Haba! Duk wanda ya yi mintuna yana numfashi da sauri zai fitar da iskar kabon da ke jininsa fiye da kima. Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su tsuke, ya fara gani dishi-dishi, leɓe ya yi zuuu, babban yatsa ya lanƙwashe cikin tafin hannu. Ma'aikatan jinya sun saba ganin haka a wurin wanda ya firgita, babu wanda ya taɓa yi masa barka. Haka uwar da ta tarar da 'yarta a wannan hali ta ce aljanu ne, ita ma ta fara tambayar me yarinyar take yi kafin ta faɗi.

Masu abin ma ba su ɗauke shi wasa ba. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya yi kashedin cewa sarrafa numfashi ba bisa ƙa'ida ba na jawo shaƙuwa da tari da ciwon kai da na ido. Gopi Krishna, ma'aikacin gwamnati a Kashmir, ya ce nasa kundalinin ya tashi a 1937; abin da ya biyo baya rashin barci ne da kasa cin abinci da tsoron haukacewa, ya daɗe kafin ya dawo daidai. A 2017 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun wallafa hirarsu da mutum 60 masu zaman tunani irin na mabiya Buddha, da yawansu sun yi fama da fargaba da rashin barci da jin kamar ba su ne a jikinsu ba. Da yawan waɗannan masu zaman tunani fa da malamansu. Ina ga wanda malaminsa bidiyon minti ɗaya ne?

Mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko farfaɗiya, da duk wanda ya taɓa lalurar ƙwaƙwalwa, su nisanci numfashin gaggawa da riƙe numfashi. Kada a yi a cikin ruwa ko a kan tuƙi, kada a haɗa da yunwa da hana ido barci. Da zarar jiri ya zo ka tsaya, ka zauna ka numfasa a hankali ta hanci. Idan an kwana biyu barci ya ƙi, ko mutum ya fara jin muryoyi, asibiti za a je, kuma kada wanda ke shan magani ya ajiye shi don wani ya ce tsarkakuwa yake yi. Masu karɓar dala a intanet don su tashe maka kundalini kuwa, kasuwa suke ci.

Batun addini na malamai ne. Majalisar fatawa ta Malesiya dai ta hana Musulmi yogar da ta haɗa da ambaton ababen bauta tun 2008. Miƙa gaɓɓai da tafiyar ƙafa ba sa buƙatar ambaton ababen bauta. Iyaye, ku leƙa ku ga irin numfashin da yaranku ke koya a waya.