Yadda Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ke Gano Tamowa Bisa Ƙa'ida

A asibitocin karkara na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ma'aikatan lafiya kan auna nauyin ƙananan yara da tsayinsu da kaurin damtsensu domin gano masu fama da tamowa. Idan alƙaluman suka kai dubbai, tantance su da hannu yakan ci lokaci, kuma ba a rasa kuskure. A nan ne na'ura mai ƙwaƙwalwa take da amfani.

Ita na'urar ba ta san yaro ba, umarni kawai take bi. Masana kan rubuta mata gajerun umarni, kowanne da aikinsa guda: ya karɓi adadi, ya gwada shi da ƙa'idar "idan kaza ne, to kaza", sa'an nan ya yanke hukunci. Alal misali, ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, idan kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, tamowar mai tsanani ce. Idan ya kai haka amma bai kai 12.5 ba, matsakaiciya ce.

Akan tara irin waɗannan umarni wuri ɗaya kamar hatsi a rumbu, duk mai bukata ya ɗiba. Ɗaya daga cikin ƙananan rumbunan shi ne anthro, na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake amfani da shi a harshen na'ura mai suna R. Yana kwatanta kowane yaro da ma'aunin girma na shekarar 2006, wanda aka samo daga awon yaran Barazil da Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka. Daga nan sai ya ba yaro maki. A awon nauyi bisa tsayi, sifiri shi ne tsaka-tsaki, wanda kuwa ya gangara fiye da maki 3 ƙasa da sifiri yana cikin haɗari.

Jerin ƙa'idojin yana da muhimmanci ƙwarai. Wani nau'in tamowa yakan tara ruwa a jiki har ƙafafu biyu su kumbura, nauyin ruwan ya ɓoye ramar. Saboda haka ake fara duba kumburi. Idan an rubuta akwai shi, rumbun ba zai lissafa makin nauyi ba, domin kumburin kansa alamar tamowa mai tsanani ce. Haka kuma makin nauyi bisa tsayi da ya wuce 5, sama ko ƙasa da sifiri, akan yi masa alama, don galibi kuskuren awo ne ko na rubutu.

Amma fa ƙaramin kuskure yakan tsallake wannan shinge. Idan aka rubuta 11.8 maimakon 11.3, na'ura za ta cire yaro daga sahun masu bukatar magani cikin gaggawa ba tare da ta yi shakka ba. Don haka ingancin hukuncinta ya rataya ne a wuyan wanda ya riƙe ma'auni da alƙalami.