Ƙwan Mesa Ba Ƙwan Kaza Ba Ne

'Yan kasuwar hatsi na Bodija da mazauna Sabo a Ibadan sun san ɓarnar ɓera a sito. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa idan ta tsorata, ɓera ne abincinta, kuma ba ta da dafi. Daga Togo, Benin da Gana ake kai 'ya'yanta Amurka da Turai, inda ake kiwonta a gida.

Mai son ƙyanƙyasar ƙwanta ya lura: ɓawonsa laushi gare shi kamar fata, kuma ba a juya shi kamar na kaza, domin juyawar kan kashe ɗan da ke ciki. A yi wa samansa alama da fensir, kada kuma a raba waɗanda suka manne. A ajiye su cikin akwati mai murfi, bisa dusar katako mai ɗan danshi, ba jiƙaƙƙiya ba, a zafin digiri 31 zuwa 32 na ma'aunin Salshiyos. Sukan ƙyanƙyashe cikin kwana 55 zuwa 60.

Ga ɗan koyo, mun fi son a bar uwa ta naɗe ƙwanta da kanta, musamman inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Fitar da mesa waje kuwa sai da takardar izinin CITES.