Tsuntsayen Dausayin Haɗeja da Nguru

Dausayin Haɗeja da Nguru yana shimfiɗe ne tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke rarrabuwa cikin fadamu kafin ruwansu ya haɗe ya nufi Tafkin Chadi. Idan damina ta yi nisa, ambaliya kan malale ƙasar, ta bar tafkuna da kududdufai da ke kaiwa har tsakiyar rani. Wannan ruwa shi ne abin da ke tara tsuntsaye a wurin.

Wasunsu 'yan gida ne, kamar dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Wasu kuma baƙi ne da ke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha, sanyi ya koro su, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara. Ga tsuntsun da ya yi kwanaki yana keta sahara, dausayin nan na cikin wuraren farko da zai tarar da ruwa da abinci. An gano hanyoyinsu ne ta ɗan zoben ƙarfe mai lamba da masu bincike ke sanya wa tsuntsu a ƙafa, ta yadda idan aka sake kama shi a wata ƙasa za a san inda ya fito. A watan Janairu kuma ma'aikata kan shiga kwalekwale da tabarau mai hangen nesa suna ƙirga su tafki bayan tafki.

A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke karewa, wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi. Dausayoyin Dagona da Baturiya, su ma a wannan yanki, sun bi baya a 2008.

Sai dai takarda ba ta cika tafki. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa yadda ya saba. Ambaliyar damina ta ragu, wasu magudanan kuma suka koma riƙe ruwa duk shekara. Wannan ya buɗe wa ciyawar kacalla hanya. Ta yi tsayi ta wuce mutum, ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su. A cikinta tsuntsun jan-baki ke kwana, da safe ya tashi kamar hadari ya sauka a kan gero da dawa. Manomin da ya yini yana kaɗa gwangwani a gona ba zai ji daɗin batun kare tsuntsaye ba, kuma yana da hujja.

Shi ya sa aikin kare dausayin ya koma kan ruwa. Masana tattalin arziki da suka yi nazari a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa amfanin da ruwa ke bayarwa a fadamar, ta noma da kifi da itace, ya fi wanda yake bayarwa a manyan ayyukan ban ruwa na saman kogin. Abin da ake nema shi ne a riƙa sakin ruwan madatsun a kan lokaci irin na ambaliyar da, a yashe magudanai, a hana farauta a Dagona, a kuma zaunar da masunta da makiyaya da manoma wuri guda kan rabon ruwa. Gauraka ta isa misalin abin da ake gudu: a da ana ganin garkenta a fadamun Arewa, yanzu da wuya a ci karo da ita a Najeriya.