Idon Hukuma a Majigi da Talabijin



Akwai wani rukunin labarai da ke zayyana ƙasar da mulkin kama-karya ya game ta, har mutum ba ya iya tari sai an ji. Marubucin da aka fi dangantawa da wannan rukuni shi ne George Orwell, wanda marigayi Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara mana littafinsa ɗaya da sunan Gandun Dabbobi a 1975. Amma wanda ya shafe mu yau shi ne Nineteen Eighty-Four, na 1949.

A nan ne za mu ga yadda majigi da talabijin ke aron hannun juna. Gidan BBC ya mai da littafin wasan talabijin a 1954, mutanen Ingila suka firgita, har maganar ta kai majalisa. Wannan ƙura ita ta share wa fim ɗin 1956 hanya, kuma ɗan wasa Donald Pleasence ya fito a dukansu biyu. Michael Anderson, wanda ya ba da umarnin fim ɗin, shi ne ya yi Logan's Run a 1976, shekara na zagayowa talabijin ya karɓe shi ya mai da shi shiri mai dogon zango. Abin da suka riƙa gada wajen juna siffa ɗaya ce: hukuma mai ido a kowane ɗaki.

To, a ganina, wannan riga ba ta zauna mana daidai ba. Mu dubi Birnin Gwari. A shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku da kewayensa, manomi sai ya biya haraji kafin ya girbe gonarsa, ga kuma tsoron mai kai rahoto daji, wanda wataƙila maƙwabcinsa ne. A 2022 'yan Ansaru suka hana harkar siyasa a wasu ƙauyukan gabashin masarautar. Ido yana nan, izini yana nan, amma rashin hukuma ne ya haife su, ba ƙarfinta ba.

Bature Gagare ya hango irin wannan daji tun 1982 a Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda Mailoma ya tara dakarunsa. Shirin Kwana Casa'in na Arewa24 kuwa, da ya fara a 2019, fadar gwamnan jihar Alfawa ya sa gaba, ya bar dajin a baya.