Tabarau Mai Tunatar da Tsoho: Me Zai Amfanar da Mu a Ƙaraye da Rogo?

Uwargida, idan surukarki ta fara tambayar ko an yi azahar sau uku a jere, ko ta ajiye gishiri a cikin tulu, mukan ce gigin tsufa ne. Sau da yawa cutar mantuwa ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun mutum fiye da miliyan 55.

A ƙasashen Turai ana gwada wani tabarau mai kyamara saboda irin waɗannan tsofaffi. Idan tsoho ya kalli buta, sai rubutu ya bayyana a gilashin, ko murya ta faɗa masa sunanta da abin da zai yi da ita. Irinsa mai suna CrossSense ya shiga zagayen ƙarshe na wata gasa a Ingila a 2024.

Tsadarsa ba ta talaka ba ce. HoloLens 2 na Microsoft dala 3,500 aka sayar da shi, ga caji, ga intanet, kuma Iya ba ta karanta boko.

Amma dabararsa tana hannunki: tunatarwa ta zauna a inda ido yake sauka. Ki ɗaura jan ƙyalle a ƙofar banɗaki. Buta da carbi kada su sauya wuri. Ki naɗi muryar jikanta a waya yana cewa lokacin magani ya yi. Ki ɗinka lambar wayar gida a mayafinta, musamman a ƙauyukan da ke kusa da madatsar ruwan Challawa, inda ɓatan hanya ke da haɗari.

Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya, ku kai ta asibiti a ranar, domin zazzaɓi ko ciwon sukari kan jawo haka. Mai zuwa a hankali kuwa, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau.