Walima daidai ƙarfi: biki mai kyan gani ba tare da bashi ba

 

'Yan uwa, kowa a garin nan na Garwa ya san lokutan da ɗaurin aure ke yawa: bayan an cire amfanin gona, idan kuɗin auduga ya shigo hannu, sai kuma watan Sha'aban da kowa ke son amarya ta tare kafin azumi. A irin waɗannan makonni mutum zai halarci ɗaurin aure uku a safiya ɗaya, daga Hausare zuwa Fulɓere zuwa Yelwa. Abin farin ciki ne. Sai dai mu da muke zama da mutane bayan an watse, mun san abin da ke biyo baya: mai shago yana bin uba kuɗin shinkafa, uwa ta ci adashi tun kafin zagayenta ya zo, ango ya sayar da babur ɗin da yake neman abinci da shi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tattauna yadda za a yi biki mai kyan gani da abin da ke hannu.

Mu fara da abin da Shari'a ta nema, domin shi ne ma'auni. A mazhabar Imam Malik da muke bi, aure yana ƙulluwa da waliyyi da shaidu biyu adilai da sadaki da siga. Mafi ƙarancin sadaki, kamar yadda ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid suka sani, rubu'in dinari ne, wato zinariya da ta ɗan haura giram 1. Walima kuwa mustahabbi ce. Lefe da gara da anko da kamu da zaman zauren haya duk al'ada ce. Ba mu ce al'ada haramun ce ba, amma duk wanda zai ci bashi ya kamata ya san a kan me yake cin sa.

Walimomin gidan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sun isa darasi. Wadda ta fi girma ita ce ta Nana Zainab bint Jahsh, kuma akuya ɗaya aka yanka, aka ci da gurasa. Bukhari ya kawo cewa ya yi wa ɗaya daga cikin matansa walima da mudu 2 na sha'ir. Ta Nana Safiyya kuwa, a hanyar dawowa daga Khaibar a shekara ta 7 bayan hijira, ita ce ta fi kama da halinmu. Babu nama, babu gurasa. Aka shimfiɗa buzaye a ƙasa, aka nemi duk mai guzuri ya kawo abin da ya rage masa, wannan ya kawo dabino, wancan cuku, wani man shanu, aka cakuɗa aka ci. Ku lura da kyau, baƙin ne da kansu suka haɗa abincin, kuma babu wanda ya ga hakan a matsayin abin kunya. Da Abdurrahman bin Auf ya yi aure, attajiri ne mai tasowa a kasuwar Madina, akuya ɗaya aka ambata masa.

To, ina kuɗin bikinmu yake tafiya? In muka zauna da biro da takarda, za mu ga walimar kanta ba ita ce ke karya mutane ba. Yawan kwanakin ne. Kowace rana da aka ƙara tana zuwa da girkinta da rumfarta da kujerunta da sabon ɗinkinta. A ce gida zai ciyar da mutum 150 a rana, a ce kowane mutum sefa 500 kacal, an kashe 75,000. In aka yi kwana huɗu, 300,000 ke nan, ba a taɓa lefe ba, ba a taɓa kayan ɗaki ba. Ku gwada wannan da mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta yanke a 2023, wato sefa 60,000 a wata ga ma'aikatan kamfanoni da ba na noma ba. Albashin wata biyar cur a tukunya. Wanda ya taƙaita bikinsa zuwa yini ɗaya ya riga ya yi rabin aikin, ko da bai rage komai a cikin abincin ba.

Shi ma abincin, lokaci ne ke yanke masa farashi. Mai hankali yakan sayi masara da gyaɗa da shinkafa da kaka ya ajiye, ya jira albasa ta faɗi da rani. Ba dole sai sa ba. Muna zaune a bakin Binuwai, ga tafkin Lagdo kusa, kifi yana shigowa kullum, kuma miyar kifi da aka yi da hannu mai kyau ba ta ƙasƙantar da kowa. Wanda ya fi son nama, akuya daga kasuwar Pitoa ta ranar Lahadi za ta ishe shi in an iya rabo. Abin sha kuma, mu faɗi gaskiya, katan-katan na lemon kwalba asara ce tsagwaronta. Folere ɗinmu, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira zoɓo, da ruwan tsamiya da na citta, in an yi su da tsabtataccen ruwa aka sa ƙanƙara, sun fi kashe ƙishirwa a zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40. A wannan zafin ma wajibi ne a kula: abincin da aka dafa da asuba kada ya kai la'asar a rufe. A sa walima da hantsi, a ci da zafinsa.

Yanzu ga ado, inda mata suka fi mu sani, kuma muna roƙon iyayenmu mata su gyara mana in mun yi kuskure. Abin da ke sa wuri ya yi kyau a ido shi ne tsabta da tsari da dacewar launi. Tsakar gida da aka share tun daren jiya, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi a jere a ƙarƙashin dalbejiya, aka turara turaren wuta, ya fi zauren haya da aka cika da balan-balan masu fashewa kafin azahar. Atamfa turmi ɗaya mai yadi 6 za ta rufe bangon da amarya za ta zauna, bayan biki kuma a ɗinka ta a sa. Ƙyallayen da tela ke zubarwa, yara mata za su iya yanka su su jera a igiya su zagaye rumfa da su, a kyauta. Ƙoren nan masu zanen wuta da matan Fulani suka gwanance a kai, da faifai masu launi, a zuba dabino da goro da cincin a ciki a rufe: Turawa suna saye su rataye a bango, mu kuwa mun ajiye su muna hayar farantin roba. Lallen amarya ma, a kowace unguwa akwai yarinyar da hannunta ya faɗa. A ba ta ɗan abin sabulu, ta samu, ku samu.

Anko kuwa, ra'ayinmu a kansa a fili yake. Ana cewa ai ba mai biki ke biya ba. Haka ne, amma wa ke biya? Ƙanwar uwa da ke da biki huɗu a wata ɗaya, da maƙwabciyar da za ta ƙi zuwa saboda ba ta da kuɗin turmi. In dole sai an yi, a faɗi launi kawai, fari ko shuɗi, kowa ya ɗauko abin da ke akwatinsa. Hoton zai fito da kyau, kuma ba a hana kowa shigowa ba. Wannan yana da alaƙa da gargaɗin da ya zo ta hanyar Abu Huraira a Bukhari da Muslim game da walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Katin gayyata da mai gadi a ƙofa suna iya yin wannan aikin, anko mai tsada ma yana yi, a cikin shiru.

Lefe da kayan ɗaki su ne suka fi wuyar taɓawa, domin a nan ne gori yake. Amma mun san kayan ɗakin Nana Faɗima: mayafi, salkar ruwa da matashin fata, sadakinta kuma sulken Sayyidina Aliyu. Hanya mafi sauƙi ita ce iyaye maza na gidajen biyu su zauna tun ranar sa rana, gaban limami ko wani dattijo, su yanke adadi: akwati nawa, turmi nawa, kuma gara za a kai ko an yafe. In maganar ta fito daga bakin dangin ango cewa ba sa jiran gara, uwar amarya za ta yi barci. Suratul Furƙan, aya ta 67, ta yabi masu ciyarwa tsaka-tsaki, kuma Muslim ya ruwaito cewa ko shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi. Wanda zai ci bashi don kujerun da ba za a zauna a kai ba ya tuna da wannan.

Akwai kuma kashe kuɗi ɗaya da muke so a daina tsallakewa, shi ne rajistar aure a meri. Dokar ƙasa ta ce a liƙa sanarwa wata ɗaya kafin ranar, kuma a can ne ake rubuta ko auren na mace ɗaya ne ko fiye. Takardar nan ita mace za ta nuna ranar da ake maganar fansho ko gado a gaban hukuma, kuma kuɗinta bai kai na hayar rumfa ba. Don haka duk wanda ya sa rana a Sha'aban, ya kai takardunsa meri tun farkon Rajab.